Motata ce, amma na koma direban abokan aiki

Malam, ni malamin sakandare ne. Gidana yana cikin garin Daura, wurin aikina kuwa a ƙasar Baure. Ina da wata tsohuwar Golf da na saya da kuɗin adashi. Da aka cire tallafin mai, zuwa aiki ni kaɗai a mota ya gagare ni, sai muka haɗu mu biyar masu bin hanya ɗaya, muka ce kowa ya riƙa kawo abin da ya sawwaƙa a zuba mai.

Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa mutum biyu ne kawai ke bayarwa a kai a kai, su ma abin da suka fara bayarwa tun farko shi suke miƙowa har yau. Na ukun sai na daɗe a ƙofar gidansa ina danna hon, yaro ya leƙo ya ce Baba yana wanka. Na huɗun ya fi damuna, domin yayan matata ne, ya girme ni, shi ke zama gaba. Da mun shiga gidan mai sai ya kara waya a kunne. Watan jiya taya ta fashe bayan mun wuce Zango, na sayi wata, ba wanda ya ce ga gudummawa. Ga kuma wani ɗan kamasho da ya tare ni ya ce kabu-kabu nake yi. Uwargida ta ce in ƙara haƙuri. Ni kuwa har na fara tunanin in ce motar ta lalace, in koma hawa ta haya. Ina mafita?

Naka, wani malami daga Daura.

Ga amsa, Malam. Ka fara da ajiye maganar nan ta cewa mota ta lalace. Daura ba ta yi girman da za a ɓoye mota ba. Ranar da wani ya gan ka cikinta a hanyar kasuwar Mai'aduwa, ka zama maƙaryaci a idon surukinka, kuma wannan ya fi batun kuɗin mai wuyar gyara.

Matsalarku ta faro ne daga "abin da ya sawwaƙa". Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wanda ya tsaya a kan abin da ya fara bayarwa, ko bai yi nufin cuta ba, kai ka biya masa duk ƙarin. Sannan mota ba fetur kaɗai take ci ba. Akwai baƙin mai, da birki, da taya, da kuɗin bakanike, kuma motar da ke ɗaukar mutum biyar kullum ta fi saurin neman su. Mutanen nan ba su taɓa ganin wannan lissafi ba, tunda ba ka taɓa nuna musu ba.

To ka nuna musu. Ka cika tanki ranar Litinin a gabansu, ka sake cikawa ranar Juma'a a gabansu, kowa ya ga abin da hanya ta sha a mako. A raba shi biyar, har da kai, a ɗora wani abu na gyara a kai. Kada kuɗin su riƙa biyowa ta hannunka a cikin mota. Ku naɗa ɗaya daga cikin masu biyan nan ya zama ma'aji, a tura masa da zarar albashi ya shigo, in farashin lita ya motsa a sake lissafi. Ku tsayar da wuri ɗaya da lokaci ɗaya na tashi, wanda ya makara ya nemi tasha. Mai wankan nan sau ɗaya za a bar shi, zai gyara.

Kada ka ɗauka karo-karon tafiya ƙaranta ne ko rashin mutunci. A cikin Sahihul Buhari akwai yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa saboda haɗa guzurinsu wuri ɗaya da suke yi su raba daidai idan abinci ya yi ƙaranci.

Batun Yaya shi ke buƙatar hankali. Kada ka yi masa magana a mota gaban mutane, kada kuma ka aika uwargida, don sa ta a tsakanin miji da wa zalunci ne gare ta. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ku gaisa, ka ce: "Yaya, ga tsarin da muka yi da 'yan'uwa, na ce kai ba a gaya maka a bakin hanya ba." Daga nan za ka gane halin da yake ciki. Wayar nan da yake karawa a kunne tana iya zama kunyar mai babu, domin albashin malami bai cika kai ƙarshen wata ba, kai ma shaida ne. In haka ne, kuma kana da iko, ka ɗauke masa da bakinka, ka ce kasonsa yana wuyanka, amma kada ka raba shi a kan sauran ukun ba da saninsu ba. In kuwa yana da hali, ya biya kamar kowa. A ganina kyautar da aka faɗa da baki ta fi wadda ake yi ana ƙunci a zuci, kuma irin wannan ƙuncin ne ke zama gaba a cikin dangi.

Shi kuma ɗan kamasho abincinsa yake karewa. Muddin ba ka lodi a tasha, ba ka tsintar fasinja a hanya kana karɓar kuɗin mota, ba ka shiga gonarsa ba, ka yi masa bayani cikin mutunci. Ka tsaya a kan mutum huɗun nan da ka sani, ban da cusa biyu a gaba, ban da ɗaukar wanda ba ka sani ba ko saƙon da ba ka ga cikinsa ba, musamman da yake yankinku bakin iyaka ne.

Ka kira zaman nan kafin albashin wannan wata ya shigo, Malam. Allah Ya tsare hanya.