Jel ɗin rubutun kek da zafin ƙasar Gobir

Mai wannan rubutu ta daɗe tana yin kek na suna, biki da walimar saukar Alƙur'ani tsakanin Sabon Birni da Isa, kuma tambayar da mata suka fi yi mata ba ta wuce ta rubutun nan mai sheƙi da ke saman kek ba. "Hajiya, mi kika sa haka?" Jel ne, kuma a kicin ɗinta take dafa shi, domin na kanti sai an aika Sakkwato ta hanyar Goronyo, hanyar da a shekarun nan ba kowa ke son bi don robar jel ɗaya ba.

Iri biyu ake yi a gida. Akwai na jelatin, akwai na kwanfulawa, wato sitacin masara. Ita ta bar na farkon tun ranar da ta kai kek gidan wata amarya a watan Afrilu, sunan amaryar ya zube gefe kafin a yi hoto. Jelatin yakan fara narkewa da zafi ya kai wajen digiri 35, ga shi bazarar Gobir tana haura 40. Sannan da yawan jelatin ɗin da ke kasuwannin duniya daga fatar alade ake samo shi, don haka wanda ba a rubuta halal ko na kifi a jikinsa ba, barinsa ya fi.

Na kwanfulawa bai san wannan matsalar ba. Ma'auninsa: sukari kashi ɗaya cikin uku na kofi, kwanfulawa babban cokali ɗaya, ruwa rubu'in kofi, ruwan lemon tsami tatacce rubu'in kofi. A dama kwanfulawar da ruwan sanyi tukuna, in ba haka ba gudaji za ta yi kamar kunun da aka yi wa gaggawa. A haɗa da sukarin da ruwan lemon, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Da fari zai yi fari kamar madara, can sai ya yi kauri ya washe. Nan ake saukewa, don in aka bar shi yana tafasa, tsamin lemon zai karya sitacin ya koma ruwa.

Wasu na sa sitacin rogo. Ya fi haske, amma yana yauƙi, sai harafi ya riƙa jan wutsiya. Sitacin sa wa kaya kuwa, ko kusa.

Idan ya huce sarai sai a ɗiga kalar abinci mai lambar NAFDAC, ba garin rini da ake aunawa a ƙulle ba. A zuba a ledar matsawa, a ɗan yanke bakinta, a gwada a faranti kafin a taɓa kek. Da shi ake rubuta suna, a yi shuɗin ruwa, a manna ado, ko a shafa wa yankakken mangwaro ya yi ƙyalli.

Ajiya ce wurin da aka fi kuskure. A firji, cikin roba mai murfi, yakan yi mako guda lafiya. Amma inda wuta ba ta tsayawa, firjin akwati ne kawai, shi ya sa take dafa na ranar a ranar, da safe, kafin ta kunna murhun gashi.