Kafin Ku Tafi Legas Ganin Teku

'Ya'yana, labari ya iso ni cewa tun da aka rufe makarantu wasunku suka ɗaura aniyar zuwa Legas, wannan wajen kawunsa mai sayar da albasa a Mile 12, waccan wajen gwaggonta a Agege, a yi mako guda ko kwana goma a ga teku a dawo. Ban ƙi ba. Yaron da aka haifa a Bukkuyum, wanda babban ruwan da ya sani shi ne Gulbin Zamfara in ya kawo da damina, ya kamata ya tsaya ko sau ɗaya a gaban ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar tasa, ko don ya rage cika baki. Sharaɗina kafin a yi maganar kuɗin mota shi ne a gama maimai. Dogon hutu da damina yake zuwa, ba a barin tsoho da fartanya a tafi kallon birni.

Hanya kun san halinta. Ko a bi ta Ɗaki Takwas da Zuru a faɗa Kontagora, ko a zaga ta Jega da Yawuri, wannan ku bar wa direbobin da suke bin ta kullum, su suka san inda yake da lafiya a makon. Naku shi ne kada ku matsa a yi tafiyar dare a yankinmu. Daga Kontagora sai Mokwa, a haye Kwara a gadar Jebba, a wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo da Ibadan. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa, na ɗan ƙasa ko na makaranta, ba a cikin jakar da aka ɗaure a saman mota ba. Wuƙa kuwa, ko ta yankan rake ce, ku bar ta gida. Abin da muke ɗauka kayan aljihu ne, a wani shingen bincike dogon bayani zai jawo muku.

Yawancinku kun ga Legas ne a waya, rana tas, ruwa shuɗi, dogayen benaye suna walƙiya. Ba ita za ku tarar a watan Yuli da Agusta ba. Lokacin ne garin ya fi sanyi a shekara. Ruwan teku yana hucewa, iska tana kwaso danshinsa tana shimfiɗa wa gari, sama ta yi toka-toka, sai a wuni ba a ga ƙwayar rana ba. Da sassafe hazo yakan kwanta a kan tafkin da ya raba tsibiri da tudu, ka hango masunci a tsaye, kwalekwalen da yake ciki ba ka gan shi ba. Hazon da kuka sani na hunturu ƙura ce daga hamada, mai fasa leɓe da dunduniya. Nasu jiƙa mutum yake yi. Rigar da ka wanke da hantsi, wadda a gida kafin azahar ta bushe ƙamas, can sai ta kwana biyu a igiya tana tsami. Ƙuli-ƙulin tsaraba zai yi laushi, takalmin fata ya yi fumfuna in aka jefa shi ƙarƙashin gado, ashana ta ƙi kamawa. Don haka ku ɗauki rigar sanyi mara nauyi, da laima, da leda mai kauri ta sa waya da takardu, da gidan sauro in masaukin babu. Kada kuma ku zauna a ɗaki kuna jiran gari ya washe kafin ku fita. In kuka ce sai rana ta fito, hutun zai ƙare kuna kallon bango.

Babban ɓarawon kwanakinku cunkoson motoci ne. Gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12 a kan ruwa. Wanda ya hau ta bayan sallar asuba zai wuce cikin 'yan mintoci yana kallon gidajen Makoko da aka kafa a kan turaku cikin tafki, hayaƙin ƙyafar kifi yana haɗuwa da hazo. Wanda ya tsaya shan shayi har ƙarfe bakwai zai iya cin awa biyu a kanta yana shaƙar hayaƙin motocin danfo. Saboda haka kada ku jera wurare goma a takarda. Wuri ɗaya a rana ya isa, a fita da wuri, a dawo kafin magariba, kuma da ɗan gari a gaba, don baƙo ko da ido makaho ne. Motar da ba a tasha kuka same ta ba, komai arhar kuɗinta, ku bar ta ta wuce. Acaɓa kuma tun watan Yunin 2022 an hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da cikin tsibiri da wasu sassan, kuma dokar ba ta bar fasinja ba.

Rana guda ku ba tsibiri. A Onikan akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1957, a nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Kada ku ɗauki hoto ku wuce. Ku matsa kusa ku dubi ramukan harsashi a jikinta, ku dubi kujerar baya, sannan ku ciro naira ashirin daga aljihu ku dubi fuskar mutumin. Kwana goma kafin ranar ya ba da sanarwar mayar da jihohi 19, a ciki har da Jihar Sakkwato da muka zauna ƙarƙashinta har aka yanke mana Zamfara a 1996, kuma ya ce za a mayar da babban birni Abuja. Kusa da nan filin Tafawa Balewa yake, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1960. In azahar ta yi, babban masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe. Amma ku daure ku ƙarasa titin Martins ku ga masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Ƙarami ne, ginin kuma bai yi kama da namu na Arewa ba, domin maginan da suka dawo daga Barazil ne suka tsara shi. Ku riƙe wannan a ranku, za ku gane dalilin zuwansu Barazil in kun je Badagry.

Tunda an ambaci salla: a hanya kasaru za ku yi, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a masauki ya zama mazauni, sai ya cika. Rana kuma ba za ta nuna muku lokaci ko alƙibla ba a wannan yanayi, ku bi ladanin unguwa.

Badagry ita ce wadda in da za a ce in zaɓar muku wuri ɗaya tak, ita zan zaɓa. Tana yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Kuna iya hawa jirgin ƙasan cikin gari da ya fara aiki a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, daga nan ku nemi mota. Za a nuna muku bene na 'yan mishan na 1845, ku duba ku wuce. Inda nake so ku daɗe shi ne gidan Seriki Abass, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ku shiga ɗaya daga ɗakunan, ku sa a turo ƙofa, ku ga 'yar kafar da iska take shigowa ta can sama, ku ɗaga sarƙar da za a miƙo muku ku ji nauyinta a hannu. Daga nan a haye da ku a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ku taka rairayi da ƙafa har bakin teku, hanyar da aka bi da mutane a ɗaure zuwa jiragen da ba su dawo da su ba.

Kada ku ɗauka tarihin wasu ne ake ba ku. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa daga 1804 sun zubar da kamammu masu yawa zuwa kudu, ana sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa, a Legas da Badagry da Wida. Da yawa an sauke su a Bahia ta Barazil, har Hausawa suka yi yawan da suka shirya tawaye a can a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A babban boren Musulmi na birnin Salvador a 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, yawanci Yarbawa ne amma da Hausawa a ciki, kuma an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutane ne da suka yi karatun allo kamar ku. Kuma gaskiya ɗaya ce, Bature a bakin ruwa ya tsaya da jirginsa, waɗanda suka kamo suka koro ba Turawa ba ne. Ku da kuka tashi kuna ganin ana kora mutanen ƙauyukanmu daji a ɗaure ana yi musu kuɗi, ba sai an yi muku dogon sharhi ba. Ta Badagry ne kuma wani Bature, Clapperton, ya shigo a ƙarshen 1825, ya yi wata da watanni kafin ya kai Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1827. Tafiyar da ku za ku yi cikin kwana biyu a zaune ke nan.

Wata asubar kuma ku bi mai masaukinku kasuwa. A Mile 12 za ku ga manyan motoci sun kwana a hanya da albasar Aliero da tumatir da attarugu, 'yan dako suna sauke kwanduna cikin taɓo har idon sawu, Hausa tana tashi ta kowace kusurwa. A Oko-Oba ta Agege kuma akwai mayanka. Ku tambayi kawunku inda yaran da suke masa aiki suke kwana, ku je ku gani. Kuɗin da ake turo wa gida ana sayen taki da maganin tsohuwa, daga nan yake fitowa, kuma wanda ya ga wurin da idonsa ba zai ƙara buga waya yana cewa a turo masa na kati ba. Ku gai da mutane da ladabi. Yarbawa suna girmama gaisuwa ƙwarai, in kun koyi ta safe da ta yamma da harshensu za ku ga yadda fuska take sakewa. Kada ku ɗaga waya a fuskar mai talla ko masunci ba ku nemi izini ba, kada kuma ku ɗauki hoton barikin soja ko ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa.

A kasuwar nan wani zai ce maka, ɗana, me za ka koma yi, ga aiki nan kullum da kuɗinka a hannu. Na san samari da suka tafi hutun mako biyu, yau shekarunsu nawa suna tura baro, takardar sakandare ba su karɓa ba. Neman halal ba abin kunya ba ne, amma wanda ya je da sunan hutu ya dawo da sunan hutu. In ci-rani kake so, ka dawo gida a zauna da mahaifinka a yi shawara.

Saura tekun da kuka tafi dominsa. Tsohon Bar Beach da iyayenku suke ba da labari babu shi, an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic. Yanzu sai Elegushi da makamantanta, inda ake biyan kuɗin shiga, ko Tarkwa Bay da ake zuwa a jirgin ruwa. In za ku hau jirgi, rigar kariya ta fara hawa jikinku, a ɗaure ta, kuma in kun ga an cika shi fiye da kima ku jira na gaba. Ba mu manta jirgin da ya kife da manoma a Gummi a watan Satumbar 2024 ba, kuma wancan gulbi ne.

Ku cire takalmi ku tsaya inda kumfa take ƙarewa. Igiyar ruwa za ta zo ta rufe muku ƙafa, in za ta koma sai ku ji tana zare yashin da kuke tsaye a kai, dunduniya tana nutsewa, kai yana ɗan juyawa. Ku ɗanɗana ku ji gishiri. Ku dubi manyan jiragen da suka yi layi can nesa cikin hazo suna jiran shiga Apapa. Wannan ya ishe ku labari. Iyon da kuka koya a gulbi ba ya aiki a nan, domin gulbi gefe guda yake ja, ka san inda zai kai ka. Teku yana turowa ta sama yana ja ta ƙasa, kuma akwai wuraren da ruwan yake yanko hanya ya koma ciki da gudu. Abin da yake yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido, ba kumfa ba hayaniya. Da damina kuma igiyar ta fi ƙarfi. In ƙaddara ta sa ya ja ɗayanku, kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu. Na tudu kuma kada su faɗa ceto, su yi ihu su kira masu aikin wurin, su jefa abin da yake yawo a kan ruwa.

Ku 'yan mata, zane da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, ku tsaya daga baya. Ku samari, iyakarku gwiwa. Duk wanda ya ce ku ƙara matsawa ciki don hoton ya fi kyau, ku ce masa Baba ya hana. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.