Darasin Lafiya: Cizon Kaska da Maganin Gargajiya

Darasinmu na wannan fitowa a kan kaska ne, da magungunan itace da ake tallarsu ranar kasuwa, a kwalba ko a ƙulli, ana cewa suna hana cutarta ko suna warkar da ita. Yawancinmu kusa da awaki da tumakinmu muke kwana don gudun ɓarayi, yaranmu kuma su ke kiwo da yankan ciyawa. Saboda haka maganar ta shafi kowane gida.

Kaska iri biyu ce. Akwai mai taurin baya wadda muka sani a kunnen akuya da hantsar saniya, ita ce ke maƙalewa kwana da kwanaki. Akwai kuma mai taushin jiki wadda ke ɓuya a ramin ɓera, a tsagar bango, ko cikin yashi ƙarƙashin inuwar da dabbobi ke hutawa. Ta gida da dare take fitowa, ta sha jini cikin 'yan mintoci ta koma, mutum bai ma san an cije shi ba.

Wannan mai taushin ce ke ɗauke da zazzaɓi mai komowa, wanda likitoci suka daɗe da tabbatar da shi a Senegal da Mali da Muritaniya. A nan muke so a natsu, domin nan ne ruɗanin yake. Zazzaɓin kan kama mutum kamar kwana 3, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da rawar ɗari, sannan gumi ya karyo, ya sauka da kansa. Bayan kamar mako guda sai ya dawo. To, a ce ranar farko an dafa wa mara lafiya ganyen dogon yaro ko sassaƙen maɗaci. Rana ta uku ya miƙe, kowa ya ce magani ya ci. Alhali ƙwayar cutar tana nan, lafawa kawai ta yi. Idan ya dawo sai a ce ai sabon zazzaɓin sauro ne, ko shawara, a koma wurin mai kwalba a sake biya. Ga mace mai ciki wannan jinkiri yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

Maganinsa yana gidan likita. Wanda aka fi bayarwa shi ne dokisisaikilin, mai ciki kuma akwai wanda ake zaɓa mata daban, don haka ta faɗa tun kafin a rubuta. Kada a haɗa shi da nono ko madara ko ƙwayar ƙarin jini a lokaci guda, suna rage masa ƙarfi. A bar tazarar awa 2 zuwa 3. Wani lokaci bayan shan farko jiki kan ɗau zafi da rawar ɗari, shi ya sa ba ma so a saye shi a tebur a sha a ɗaka. Idan an gwada jini ba a ga zazzaɓin sauro ba amma zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, a gaya wa ma'aikacin lafiya sau nawa ya dawo, da inda ake kwana. Wanda harshe ya yi masa shamaki ya nemi tafinta, aikinmu ke nan.

Cuta ta biyu ta fi tsanani. Ana kiranta zazzaɓin Kirimiya da Kwango, domin an fara gano ta a Kirimiya a 1944, aka kuma same ta a Kwango a 1956. An taɓa samunta a Sudan da Senegal da Nijeriya. Kaska mai taurin baya ce ke yaɗa ta, haka ma jinin dabbar da ta kamu, kuma dabbar ba ta nuna alamar ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na iya rasuwa. Alamunta zazzaɓi farat ɗaya, jan ido, amai, daga baya haɓo, jini a dasashi ko tabo a fata. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi asibiti nan take, kada a taɓa jininsa da hannu tsirara. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara zubar jini. Ƙwayoyin tafarnuwa da ake sayarwa a matsayin ƙarin lafiya ma suna tsinka jini.

Ba raina gadonmu muke yi ba. Zogale abinci ne mai gina jiki, shayin citta yana kwantar da tashin zuciya, ruwan dogon yaro kuma yana taimakawa wajen rage kaska a jikin dabba. Amma babu wani ganye ko gari da aka tabbatar cewa shansa yana hana cutar kaska ko yana kashe ƙwayarta a jikin mutum. Kwalbar da aka ce tana maganin basur da taifot da sanyi da cizon kaska duk a haɗe, a ganinmu aljihun mai sayarwa kawai take warkarwa. Man dogon yaro kuwa kada a kuskura a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro, yana sa amai da jijjiga, har ya kai ga rasa rai.

Abin da ke kare mu ba ya cin kuɗi sosai. Idan yara sun dawo daga kiwo a duba bayan kunne, cikin gashi, hammata da matsematsi. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin da sabulu. Ban da ƙona ta da ashana, ban da zuba mata kananzir, ban da murtsuke ta da farce kamar yadda muka saba yi wa ta dabbobi. A jefa ta wuta bayan an cire. A toshe ramukan ɓera, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa in da hali, a matsar da turke nesa da makwanci. Dabbar layya ko ta suna a yi mata maganin kaska kwana 14 kafin yanka, mai fiɗa kuma ya sa safar hannu, ko leda in babu. A riƙe ranar da aka cire kaskar, domin in zazzaɓi ya biyo baya cikin mako 2, wannan ranar likita zai fara tambaya.