MAKOMAR MATSAKAITAN MOTOCIN JIF NA SHIGA DAJI: DARASI GA DILLALAI DA MASU SAYE

A shekarar 2021 kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan ya daina ƙera motar nan Pajero, bayan ta shafe kusan shekara 40 a kasuwa. A cikin wannan shekara kuma kamfanin Ford na Amurka ya dawo da motarsa Bronco, wadda ya jingine tun 1996. Kamfani ɗaya ya ga kasuwa ta ƙare ya tattara kayansa, ɗaya kuma ya ga ta buɗe ya zuba jari. Wannan saɓani shi ne ya sa ya kamata ɗan kasuwar Nijeriya, dillalin mota ne ko mai sayar da kayan gyara ko ɗan kwangila, ya tsaya ya fahimci inda wannan rukuni na motoci ya dosa kafin ya ɗaure dukiyarsa a kansa.

Wace mota ake nufi

A nan ƙasar duk wata mota mai tudu jif ake ce mata, amma a wajen maƙera iri biyu ce. Akwai wadda ake fara ƙera mata ƙashi na ƙarfe mai siffar tsani, a ɗora inji da tayoyi a kansa, sa'an nan a kawo bodi a aza. Akwai kuma wadda ƙashinta da bodinta a haɗe suke wuri guda, kamar ƙaramar mota. Ta farko ita ce ta shiga daji. Tana jan ƙafa huɗu, tana da wata ƙaramar giya ta musamman don hawan tudu da fita daga taɓo ko rairayi, cikinta kuma ya yi nesa da ƙasa. Matsakaita a cikin wannan rukuni su ne irin su Toyota Prado da 4Runner da Fortuner, da Ford Everest da Bronco, da Mitsubishi Pajero Sport, da Isuzu MU-X, da Jeep Wrangler. Iri na biyu kuwa su ne su RAV4 da Highlander da Honda CR-V, waɗanda kwalta ce gidansu.

Muhimmancin wannan bambanci ga mai lissafi shi ne nauyi. Ƙashin tsani yana jure duka, gyaransa kuma da sauƙi, amma yana ƙara wa mota nauyi ainun, nauyi kuma shan mai ne.

Yadda kasuwarta ta tsuke

Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023 masu tudu ne. Sai dai mafi yawansu na iri na biyu ne. Mai saye a Turai da Amurka da Sin yana son zama a sama da faɗin ciki, amma da wuya ya sauka daga kwalta, don haka bai ga dalilin biyan kuɗin man ƙarfen da ba ya amfani da shi ba.

Maƙera sun bi mai saye. Ford ya sauya Explorer daga ƙashin tsani zuwa haɗaɗɗen bodi a samfurin 2011, Nissan ya yi wa Pathfinder haka a samfurin 2013, sa'an nan ya daina Xterra a 2015. Tsohuwar Land Rover Defender ta yi bankwana a watan Janairun 2016, wadda ta gaje ta a 2020 kuma ba ta da ƙashin tsani. Wanda ya dubi wannan jeri a lokacin, ba a ga laifinsa ba idan ya yanke hukuncin cewa kwanan wannan rukuni ya ƙare.

Abin da ya hana ta mutuwa

Dalili na farko shi ne a-kori-kura. Fortuner a kan ƙashin Hilux aka gina ta, Everest a kan Ranger, MU-X a kan D-Max, Pajero Sport a kan L200. Kuɗin tsara sabon ƙashi da inji da gwajinsu yana da yawa ƙwarai, amma idan aka raba shi a kan motoci masu ɗimbin yawa, abin da zai hau kan kowace ɗaya sai ya ragu. Toyota ya kai wannan dabara ƙarshe, domin tushe guda ne yake ɗauke da Land Cruiser 300 ta 2021, da sabuwar Prado 250 da aka nuna a watan Agustan 2023, da Tundra da Tacoma da 4Runner da Lexus GX. Muddin manomi da mai haƙar ma'adinai da ɗan kwangila suna sayen a-kori-kura, ƙera mata 'yar'uwa mai rufi da kujeru bakwai ba zai yi wa kamfani tsada ba.

Dalili na biyu shi ne riba. A Amurka da Ostireliya an sami masu hali da ke sayen waɗannan motoci don shaƙatawa a duwatsu da sahara, suna kuma biyan kuɗi mai kauri a kan kayan ƙawa. Su ne suka sa Ford ya dawo da Bronco, suka kuma sa Toyota ya mayar da sunan Land Cruiser kasuwar Amurka a 2024 bayan ya janye shi a 2021.

Dalili na uku shi ne buƙata ta zahiri. A Afirka da Gabas ta Tsakiya da kudancin Asiya akwai wuraren da kwalta ba ta kai ba. Ƙungiyoyin agaji da jami'an tsaro da kamfanonin sadarwa da na mai ba su da abin da zai maye musu gurbin wannan mota. Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ba ta bar kasuwa ba saboda irin waɗannan masu saye.

Dokar hayaƙi da sauyin inji

Matsin da ya fi girma daga gwamnatoci yake fitowa. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana sayar da sababbin ƙananan motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, ko da yake a watan Disambar 2025 hukumar zartarwarta ta gabatar da shawarar sassauta dokar. Ostireliya, wadda babbar kasuwa ce ga Prado da Everest, ta fara aiki da ma'aunin taƙaita hayaƙin sababbin motoci a 2025. Mazauna birnin Paris na Faransa kuwa sun kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 2024 aka ninka wa manyan motoci masu nauyi kuɗin ajiya sau uku. A ɗaya ɓangaren, Amurka ta ja da baya, inda rangwamen harajin dala 7,500 ga masu sayen motar lantarki ya ƙare a watan Satumbar 2025.

Motocin lantarki dai suna ƙaruwa, domin an sayar da sama da miliyan 17 a duniya a 2024, wato fiye da kashi 20 cikin 100 na kasuwa. Amma lantarki zalla bai zauna wa motar daji daidai ba tukuna. Batir yana da nauyi: Mercedes G-Class mai lantarki da ta fito a 2024 ta kai wajen tan uku. Jan tirela da tafiya cikin rairayi suna zuƙe caji da sauri, a daji kuma babu wurin caji, alhali jarkar mai ana iya ɗaure ta a baya.

Saboda haka maƙera suka ɗauki hanyar tsakiya, wato ƙaramin inji mai turbo haɗe da lantarki. Tsohuwar 4Runner ta yi shekara 15 da inji mai silinda shida da girman lita 4.0. Wadda aka nuna a watan Afrilun 2024 silinda huɗu gare ta, lita 2.4, da turbo, akwai kuma mai haɗin batir. Land Cruiser ta kasuwar Amurka, wadda ita ce Prado 250 a wajenmu, da irin wannan haɗaɗɗen inji kaɗai ta fito. A Afirka ta Kudu ma an fara sayar da Fortuner mai dizal da ɗan ƙaramin batir na taimako a 2024.

Shigowar Sin

A 2023 ƙasar Sin ta sha gaban Japan a yawan motocin da ake fitarwa ƙasashen waje. Kamfanoninta sun shigo wannan rukuni da ƙarfi. Great Wall ya fito da Tank 300 a 2020, BYD ya fito da Bao 5 mai haɗa fetur da batir mai caji a 2023, BAIC kuma yana da BJ40. Farashinsu ƙasa yake da na takwarorinsu na Japan, kayan alatun cikinsu kuma sun fi yawa. Abin da bai tabbata ba tukuna shi ne yadda za su kasance bayan shekara goma a kan hanya maras kyau, da kuma nawa za a taya su a hannu na biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin nan kuwa shekaru yake ci.

Yadda abin ya shafi Nijeriya

Mafi yawan motocin da ke shigowa ƙasar nan tokumbo ne. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motar da ta dace da mu ita ce mai sitiyari a hagu. Wannan ya rufe mana ƙofar tsofaffin motocin Japan da Ostireliya da Afirka ta Kudu, ya bar mu da Amurka da Kanada da Turai da ƙasashen Larabawa. Ma'anar haka ita ce, abin da Ba'amurke ya saya sabo bana shi ne zai sauka a tashar Tin Can ta Ikko nan da 'yan shekaru. Injin silinda shida da makanikan Apo a Abuja da na Panteka a Kaduna suka sani kamar yunwar cikinsu zai riƙa raguwa sannu a hankali, mai turbo da batir yana maye gurbinsa.

Sai kuma batun kuɗi. A watan Mayun 2023 ana sayar da dala a hukumance a kan kimanin Naira 460. Bayan an saki Naira ta nemi farashinta, dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Motar dala dubu 50 da a da Naira miliyan 23 ce, sai ta koma miliyan 75, tun kafin a biya kuɗin fito, wanda shi ma da farashin dala Hukumar Kwastan take lissafa shi. Man fetur kuwa da ake sayar da lita ƙasa da Naira 200 kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura Naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024.

Gwamnati ma babbar mai saye ce a wannan rukuni, kamar yadda ka-ce-na-cen sayen motocin 'yan Majalisar Tarayya a 2023 ya nuna. A watan Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar fifita kayan gida a sayayyar gwamnati. Idan aka aiwatar da ita da gaske, masu harhaɗa motoci a cikin gida, irin su Innoson da ke Nnewi, za su ci wani yanki na cinikin da masu shigo da kaya suka saba ci.

Ɗan lissafi

Bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, tsohuwar 4Runner tana shan kusan lita 14 a tafiyar kilomita 100, sabuwa mai haɗin batir kuma kimanin lita 10. Mu ɗauka mota tana yin kilomita 20,000 a shekara. Ta farko za ta sha lita 2,800, ta biyu lita 2,000. Bambancin lita 800 ne, idan kuma aka ƙaddara lita a kan Naira 1,000, an tsira da Naira 800,000 a shekara. To, idan mai batir ta fi tsada da Naira miliyan takwas, sai an yi shekara goma kafin rarar mai ta biya bambancin, ba a ma sa ribar da kuɗin zai kawo a wata sana'a ba. Amma kamfanin da motarsa ke yin kilomita 50,000 a shekara zai mayar da kuɗinsa cikin shekara huɗu. Amsar dai tana ga yawan tafiya, kowa kuma shi ya san tasa.

Akwai abin da wannan lissafi bai ƙunsa ba. Inji mai turbo yana buƙatar baƙin mai mai inganci da sauya shi a kan kari, ba ya kuma jure gurɓataccen fetur. Dizal na zamani da aka ƙera wa Turai yana da matatar hayaƙi da ke toshewa idan man yana da ƙibiritu da yawa. Batirin haɗi yana ɗauke da wutar da za ta iya kashe makanikin da bai san kansa ba.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Dillalin mota ya sani cewa tsofaffin samfura masu sauƙin inji za su daɗe suna riƙe daraja a nan, domin masu nemansu suna nan, adadinsu kuma raguwa yake yi. Amma kada ya zuba jarinsa duka a kansu, musamman da kuɗin banki mai ruwa, tun da motar da ta yi wata shida a fili tana cin riba tana zaune.

Mai sayar da kayan gyara a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ya fara binciken inda zai riƙa samo turbo da na'urorin lantarki da batir, da kuma kayan motocin Sin. Wanda ya riga ya ƙulla hulɗa da masu kawo su shi zai ci kasuwar farko.

Mai gareji ya tanadi na'urar bincike ta kwamfuta, ya tura yaransa koyon aikin lantarkin mota tun yanzu.

Shi kuwa mai saye don aiki, kafin ya tambayi farashi ya tambayi wa zai gyara masa ita a garin da motar za ta yi aiki, kwana nawa kuma kayanta za su yi kafin su iso. Motar da ta kwana uku a gareji a tsakiyar kakar sayen amfanin gona ta jawo asarar da ta fi kuɗin man wata guda.

Alamu dai sun nuna wannan rukuni zai ci gaba da rayuwa, sai dai zai yi tsada, injinsa zai ƙanƙance, hannun Sin kuma zai ƙaru a cikinsa. Kiɗa ya sauya. Sauran lokacin da ya rage kafin sababbin samfuran su cika filayen sayar da motoci na Ikko da Abuja da Kano, shi ne lokacin shiri.