Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan barkono a lambu da akurkin kaji

Tambaya: Ni manomin rani ne a ƙasar Malbaza, ina noman albasa da tumatir da kabeji. Tun da maganin feshi ya yi tsada muka koma jiƙa dakakken barkono da sabulu muna fesawa. Maiɗakina kuma tana zuba shi a ruwan shan kaji idan annobarsu ta shigo da hunturu. Ɗana da ke jami'a ya ce ana gwada barkono a jikin ɓeraye, har wasu su mutu. Ashe guba muke ba kaji, muke kuma fesa wa abin da mutane za su ci? Daga wani mai karatu a Malbaza.

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a lambu. Ɗanka ya faɗi gaskiya, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba.

Abin da ke ba barkono yaji wani sinadari ne da ake kira kafsaisin. Masu bincike sukan tace shi zalla, su ɗura wa ɓerayen gwaji. A 1996 wasu masana biyu na ƙasar Japan, Saito da Yamamoto, sun gano cewa kimanin miligiram 100 zuwa 120 a kan kowane kilo na nauyin jiki yana kashe rabin ƙananan ɓeraye, manyan kuwa sai an kai wajen 150 zuwa 160. Busasshen barkono mai zafi irin na kasuwanninmu da wuya sinadarin ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. In an bi wannan lissafi, mutum mai kilo 60 sai ya haɗiye fiye da rabin kilo na busasshen barkono a zama guda kafin ya kai wannan mizani. Ɓera ba mutum ba ne, amma tazarar ta isa ta kwantar maka da hankali game da ɗan abin da ke saura a jikin tumatir, wanda rana da wanki ke ƙara ragewa.

Yadda ake gwajin ma ya sauya. Ƙungiyar OECD, wadda ƙasashe da yawa ke bin ƙa'idojinta, ta soke tsohuwar hanyar da ke cin dabbobi da yawa a 2002. A ɗaya daga cikin hanyoyin da suka gaje ta, ɓeraye uku ake ba a kowane mataki, a sa musu ido kwana 14. Bayan nan akwai gwajin kwana 28 ko 90, inda ake ba su kaɗan-kaɗan kullum, a auna nauyinsu, a duba jini da hanta da ƙoda. A ganina wannan ragi daidai ne, don ran dabba amana ne ko da a ɗakin bincike.

Batun kaji shi ne ya fi damuna. Kaza ba ta jin zafin barkono. A 1997 David Julius na Amurka ya gano abin da ke karɓar yajin a jijiyoyin jikinmu, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2021, kuma a 2002 shi da abokin aikinsa suka nuna cewa na kaza ba ya amsa wa kafsaisin. Shi ya sa take shan ruwan nan ko a jikinta. Akuya da jaki da kare kuwa suna jin raɗaɗinsa kamar mu, kada a ɗura musu. To amma gwajin da ya ce abu ba ya kisa bai ce yana warkarwa ba. Tambayoyi biyu ne, kowace da nata gwaji. Annobar da ta fi share akurki da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, barkono ba ya kashe ta. Kazar da ta tsira bayan ta sha, da ma mai tsira ce. Ka gaya wa uwargida ta nemi ma'aikacin kiwo a yi wa kajin rigakafi tun kafin sanyi ya shigo, a kuma ware duk kazar da aka sayo kasuwa na kimanin mako biyu kafin ta shiga cikin na gida.

A lambu, amfanin barkono sananne ne: tun 1962 Amurka ta fara yi wa kafsaisin rajista, ana kuma amfani da shi wajen korar ƙwari da dabbobi. Kora ya fi yi a kan kisa, shi ya sa sai an maimaita feshi. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai yin feshin. Ka rufe hanci da baki, ka kare ido, ka ba iska baya, ka nisanta yara daga wurin jiƙo. Feshin yana kuma cutar da ƙudan zuma, kuma ku manoman albasa kun san irin albasa ba ya ƙosawa sai ƙwari sun yi yawo a kan fure. Ka yi feshi da yamma lis, ka bar albasar iri idan ta yi fure. Masu ƙara ganyen taba a jiƙon su sani nikotin guba ce ta gaske, tana ratsa fata.

Saura abu guda da ba a cika lura da shi ba. Barkonon da bai bushe sosai ba, ko ya sha laima a buhu, yakan yi funfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hantar mutum da ta kaza, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Duk wanda ka ga ya yi funfuna ko ya sauya wari, kada ya shiga tukunya, kada kuma ya shiga ruwan kaji.