Darasi Kan Manhajojin Karatu Ta Intanet

Ɗalibai, a 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantu, jami'o'i da yawa suka koma koyarwa ta intanet. Ga manhajoji uku. Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, kyauta ce, amma sai makaranta ta tanadi gwanin kula da ita. Ita Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya take amfani da ita. Google Classroom ta 2014 ta fi sauƙin koyo. Blackboard kuwa sai an biya kuɗi. Ɗalibin Kura ko Bunkure mai taya iyayensa noman rani ya fara tambaya: ana iya sauke darasi a waya, a karanta ba intanet? Moodle tana ba da wannan dama.