Darasi Na 18: Canza Farfelar Gaba

Duk mun san motar nan Land Rover. A Ingila aka fara ƙera ta, cikin shekarar 1948. Tana ja da ƙafa huɗu, don haka tana ratsa yashi da taɓo.

Akwai wani sandan ƙarfe a ƙarƙashinta mai kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba. Direbobi suna ce masa farfela. Tana da gaɓa a kowane kai. In gaɓar ta cinye, mukan ji ƙara wajen tashi, motar kuma ta riƙa karkarwa. Kada mu yi sakaci. Farfela tana iya tsinkewa ana cikin gudu, ta jawo hasarar rai.

Ga yadda muke canza ta. Mu tsai da mota inda ba gangare. Mu kashe inji, mu ja birki, mu sa weji gaba da bayan taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Mu kwance noti huɗu na gaba da huɗu na baya, muna tallabe da farfelar, gama tana da nauyi. Mu jera sabuwa da tsohuwa, mu tabbata irinsu ɗaya. Sa'an nan mu ɗaura sabuwar, mu ɗaure notin tamau, mu sa giris. Bayan tafiya kaɗan, mu sake duba notin.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin farfela?
2. Don me muke sa weji?